Zumar Doguwa da Ciwon Mahaifiyata

Ni 'yar fari ce, kuma duk abin da zan faɗa daga nan ya taso. Yaran yanzu in ka ce musu an yi zamanin da uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa, ba ta ko haɗa ido da shi a gaban mutane, sai su kwashe da dariya su ce tatsuniya ce. To, ba tatsuniya ba ce, a cikinta na girma. Mahaifiyata ba ta taɓa faɗin sunana ba. In tana son in miƙo mata ludayi, sai ta dubi bango ta tambaya ko akwai mai hannu a gidan nan. In ta gaji da kewaye-kewaye ta ce "waccan". Ni kuma Yaya nake ce mata, don haka na ji ƙannenta suna kiran ta, ba kuwa wanda ya gyara mini.

Ana yaye ni goggona, yayar babanmu, ta goya ni ta tafi da ni Kiru, yadda ake yi wa 'ya'yan fari. Iyayena suna wani ɗan ƙauye a ƙasar Bebeji, a bakin kogi, inda yanzu ruwan Tiga ya shanye. Sai da sallah ko wani biki ake kai ni. In na durƙusa na gaishe ta, sai ta amsa wa tukunyar da ke gabanta. Amma fa tuwona kullum ya fi na kowa man shanu, ban kuma taɓa ganin hannun da ke zubawa ba. Da wannan nake rarrashin kaina, don kar a ce ban ji zafi ba. Na ji, sosai ma.

A Kiru aka yi mini aure, shekaru kaɗan kafin Turawa su tattara su tafi. Mijina mai awon gyaɗa ne, lokacin gyaɗa na da daraja, ya san direbobin manyan motocin da ke kwasar ta zuwa Kano. Ina goyon ɗana na fari, da kaka, wata tsohuwa 'yar garinmu da ke kawo mana daddawa in ta taso daga kasuwar Yako ta shigo gidan. Bayan mun gaisa ta yi mini ya mai jiki. Na ce wane mai jikin? Sai ta kama baki, ta fara lalube a cikin kwandonta kamar ta yar da wani abu. Na tsare ta na ce wallahi ba za ta fita ba sai ta faɗa. Nan na ji cewa Yaya tana fama da ciwon daji a nono tun daminar bara.

Tun daminar bara! Ƙanwata ta sani, wanzami ya sani, maƙwabta sun sani, mai daddawa ma ta sani. Goggon da ta raine ni, wadda ke kwana unguwa ɗaya da ni, ita ma ta sani. Ni kaɗai aka ɓoye wa. Da na je na titsiye goggo, ko a jikinta, ta ce haba, ta yaya mace za ta aika wa 'yar farinta maganar nono, nonon da ta sha? Ai abin kunya ne. Ni kam ban ga kunyar ba, baƙin ciki na gani, na kuma gaya mata haka.

Washegari mijina ya sa mu a mota ni da ɗana, aka sauke mu a kan hanya, muka ƙarasa a ƙafa. Tun daga bakin danga na ji warin. Ba zan kwatanta shi ba, wanda ya taɓa jinyar irin wannan ciwo ya san shi. Yaya ta kwashe kanta daga ɗakinta ta koma wata 'yar bukka a bayan gida inda ake ajiye ƙaiƙayi, wai don kar ta hana mutane cin abinci. Na yi sallama na ɗaga asabari. Kafin idona ya saba da duhun ɗakin ta ja zane ta rufe har kafaɗa, ta juya fuska bango, ta ce wa ƙanwata a ba baƙuwa ruwa.

Daga bakin ƙanwata na ji abin da aka yi ta yi. Da farko wani ɗan ƙullutu ne kamar gurjiya, ba ciwo ba komai, sai aka ce iska ce za ta baje. Da ya girma aka kira wanzami ya yi tsaga ya kafa ƙaho, wai mataccen jini ne. Aka sha rubutu, aka sha jiƙon sassaƙen maɗaci har ta daina jin ɗacinsa. Wani mai magani daga wajen Tudun Wada ya zo da wani haɗi na toka da kanwa da saiwar da bai faɗi sunanta ba, ya ce a dama a shafa, zai tsotso ciwon waje. Ya tsotso kuwa, don fatar ce ta ƙone ta buɗe, ba ta ƙara rufewa ba. Ba na zagin kowa a cikinsu, kowa abin da ya gada ya yi. Mai tokar nan dai, Allah ya yafe masa, ni na daɗe ban yafe ba.

Na aika wa mijina, ya zo da kansa ya tsuguna a zaure gaban babanmu. Ya ce akwai asibiti a birni, shi zai nemo mota, a sa ta a gaba kusa da direba. Babanmu ya yi masa godiya mai yawa, sannan ya kira dattawan unguwa. Duk bakinsu ɗaya, wai daji ba ya son ƙarfe, da allura ko wuƙa ta taɓa shi sai ya fusata ya bazu a jiki. Suka kawo labarin wani mutumin ƙauyen gaba da aka kai birni aka yanka, aka dawo da gawa. Ba wanda ya tambayi yadda ciwon mutumin ya kai kafin a kai shi. Ni ina bayan zana ina ji, amma mace, ƙaramar yarinya ma, ina ta ga bakin magana a zaure?

Duk da haka babanmu ya ce a tambayi mai jikin. Amsarta ta bakin ƙanwata ta zo, ina tsaye a ƙofar bukkar ina jin muryarta da kunnena, amma ba da ni take ba. Ta ce a gode wa mutumin Kiru. Ta ce ita ba za ta hau motar suruki ba, ba za ta kwance zane gaban maza ba, balle a ce waccan ce za ta zauna a kanta tana kallo. Ta ce in kwana ya ƙare, gara ya ƙare mata da mutuncinta. Na koma gindin rumbu na yi kuka mai isata. Mijina ya koma shi kaɗai, na ce masa ni kam ba inda za ni.

Zama na yi, amma zaman me? Na yi daka, na yi girki, na wanke tsummokaran da ake fito da su, shiga dai babu. Da, ƙanwata ce ke wanke mata ciwon. To ita ma sabuwar amarya ce a nan cikin gari, ga ƙaramin ciki, da ta ɗaga asabari sai amai. Mu biyu ne mata a wurin Yaya, sauran duk maza. Maƙwabta suka riƙa gaisuwa daga nesa, suna toshe hanci da gefen mayafi suna yi kamar tari ne ya kama su. Ciwon ya riƙa wuni ba wanki, ƙudaje suka samu wurin zama, zazzaɓi ya riƙa kayar da ita. Ga ni da hannu biyu lafiyayyu a tsakar gida. Na roƙa ta bakin ƙanwata, na roƙa ta bakin babanmu, amsar ɗaya ce, a ce wa waccan ta kula da ɗanta.

Ana haka sai ga ƙawarta. Wata Bafulatana ce mai tallan nono, sun ƙulla ƙawance tun suna 'yan mata, irin ƙawancen da ake yi da kai ƙwarya da biki. Rugarsu tana wajen Burumburum, ta kuma daɗe ba ta biyo ta garinmu ba. Doguwar mace ce siririya, hannunta cike da mundaye na tagulla, tun daga nesa za ka ji tafiyarta. Ko sallama ba ta ƙarasa ba ta shige bukkar. Da ta fito sai ta ɗauki ƙwaryarta ta tafi. Na ce shi ke nan, ita ma warin ya kore ta. Ashe ƙasar Doguwa ta nufa, wurin 'yan uwanta masu ɗaura amyar zuma a itatuwan dajin can. Bayan kwanaki ta dawo da tulu ƙarami cike da zuma, baƙa, mai kauri, da sauran saƙa a ciki.

Ta sa ni na tafasa ruwa da bagaruwa da ɗan gishiri, na tace, na bar shi ya huce. Ta sa na yayyaga wani farin zane na dafa shi a tukunya na shanya a rana. Ita ke shiga ta wanke ciwon, ta shafa zuma a ƙyalle ta lulluɓe, safe da yamma. Ta ce haka suke yi wa saniya in kura ta yage ta, haka suke yi wa yaro in ya faɗa wuta. Babanmu ya tambaye ta ko za a warke. Ba ta yi masa ƙarya ba, shi ya sa har gobe nake yi mata addu'a. Ta ce zuma tana kashe wari, tana cinye mugunya, tana korar zafin jiki, amma abin da ke can ciki ya fi ƙarfin zuma, sai dai Allah.

Yadda ta faɗa haka aka yi. Kafin wata ya juya warin ya tafi, sai ƙanshin zuma da hayaƙi. Zazzaɓin ya sauka, Yaya ta fara shan fura, har aka mayar da ita ɗakinta. Matan da ke gaisuwa daga bakin danga suka dawo suna zama a gefen tabarmarta suna kaɗi suna hira. Ran da na ji dariyarta daga tsakar gida, taɓarya na ajiye na tsaya ina saurare. Ramar dai ba ta tsaya ba, wani ƙullutun ma ya fito a hammata. Amma ta koma mutum cikin mutane, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne.

Sai rani ya kama, ciyawa ta ƙare, mazan rugar suka ce za su yi kudu da shanu, dole ƙawar ta bi su. Ta shiga ta yi wa Yaya magana a kan ta bar ni in karɓi wankin ciwon. Ina jin su. Yaya ta ce a'a, ta ce gara a mayar da ita bukkar ƙaiƙayi. Can sai ƙawar ta ce to shi ke nan, ta fasa tafiyar, za ta riƙa zuwa kullum kamar yadda ta saba. Sharaɗi ɗaya ne, wai ita yanzu ba ta iya kallon idon ƙawarta a cikin wannan hali, don haka in Yaya ta ji ƙarar mundaye a bakin ƙofa, ta ja mayafi ta rufe fuska, kar ta buɗe sai an fita. Kuma ita ba za ta riƙa magana ba, don kuka ke zuwar mata. Yaya ta ce ta yarda.

Ƙawar ta fito ta ja ni bayan rumbu, ta zare mundaye daga hannunta ta zura a nawa. Ta ce, "In kin shiga, bakinki alaikum. Kika yi magana kin ɓata." Da la'asar ta bi shanunsu, ban ƙara ganin ta ba.

Da safe na ɗauki ƙwaryar ruwan bagaruwa, na tsaya a ƙofa na girgiza hannu. Na ɗaga asabari na tarar ta rufe fuska. Ran nan na fara ganin ciwon da idona, ran nan kuma na fara taɓa jikin uwata tun da aka yaye ni. Mundaye na ta ƙara a hannuna. Na wanke, na shafa, na lulluɓe. Ina haɗa kaya sai na ji daga ƙarƙashin mayafi ta ce, "Sannu, ƙawa."

Kar wani ya ce mini ba ta sani ba. Ta sani sarai. Hannun ƙawarta kaushi ne da shi, jikinta ƙanshin man shanu yake, ni kuwa 'yar gari ce mai laushin tafi. Wani lokaci ma ɗana zai tsala kuka a tsakar gida, nono ya zubo mini har ya ɗiga a tabarmarta. Duk gidan an san Fulani sun tashi. Babanmu ya sani, ƙanwata ta sani, ba wanda ya ce uffan. In ta ji shiru ya yi yawa da safe, sai ta tambayi ƙanwata wai yau ƙawar tata ba ta iso ba ne, ni kuwa ina gindin murhu ina jira ruwa ya huce.

Abin da ban zata ba shi ne hirar. Mace ai ba ta jin kunyar ƙawarta. Tun ina wanki tana shiru, har ta fara magana, ta kuwa buɗe baki kamar an fasa tulu. Ta ba ƙawarta labarin aurenta, da yadda ta tsorata da ganin raƙumi ranar da aka kawo ta. Ta ba ta labarin haihuwarta ta fari, a ɗakin uwarta, da damina, rufin yana yoyo. Ta ce yarinyar ta zo da gashi cike da kai. Ta ce ranar da aka zo ɗaukar ta, ita ta shiga bayan gida ta cusa zane a baki don kar a ji, ta kuma yi kwanaki tana matse nono a ƙasa. Ta ce duk sallah tana leƙen ta ta ramin zana, ta ga ta ƙara tsawo, ta ga an yi mata kitson da bai dace da goshinta ba, ba ta da bakin cewa a sake. Ta ce man shanun nan ma da take zubawa, a ɓoye take saye don kar a ce ta yi rashin ta ido.

Ni kuma ina durƙushe, hawaye na zuba, ina kawar da kai don kar ya ɗiga a ciwon. Sau nawa na buɗe baki na mayar? In na yi magana, ƙawa ta tafi, waccan ta dawo, a rufe mini ƙofa, ciwo ya koma hannun ƙudaje. Sai in girgiza mundaye kawai, alamar ina ji. Haka muka ci ranin nan. Ban taɓa jin daɗi irin na wannan lokaci ba, ban kuma taɓa shan wuya irin tasa ba, duk a ɗaki ɗaya.

Da bazara ta shigo, zafi ya tsananta, numfashi ya fara yi mata wuya. Furar ma sai a cokali. Wata safiya na gama ɗaure ƙyallen, zan tashi, sai ta fito da hannu daga ƙarƙashin mayafi ta kama wuyan hannuna, can sama da mundayen. Ta riƙe ta daɗe. Sannan ta ce, "Ƙawa, in kin ga yarinyar nan tawa, ki ce na yafe mata nonon da ta sha. Ki ce hannunta da sanyi. Ki tambayar mini ita, ko ta yafe mini?"

Amsar tana bakina, wallahi tana kan harshena. Amma na saba da shirun, ga kashedin da aka yi mini, ga tsoron kar ta ji kunya ta saki hannuna. Na girgiza mundaye. Ta ɗan jira, sannan ta sake ni a hankali ta mayar da hannun ciki. Na fita ina cewa a raina da yamma zan faɗa, kome zai faru ya faru. Da yamma na shigo na tarar ta daina gane mutane. Ba ta ƙara farfaɗowa ba.

Yanzu ina da jika ma'aikaciyar jinya. Ta ce mini har a asibiti akan sa zuma a wasu gyambuna, ta kuma ce ƙullutun nan, da an cire shi tun yana kamar gurjiya, da wataƙila an yi rai. Wataƙila dai ta ce, ba ta rantse ba. In na ji masu magani a lasifika ranar kasuwa suna cewa kwalba ɗaya tana maganin daji da ciwon zuciya da sanyi, sai in ji raina ya ɓaci, in tuna mai toka. Bafulatanar nan ta faɗi iyakar abin da zumarta za ta iya, ba ta ƙara ko kaɗan ba. Abin da ke ci na shi ne shekara guda da aka yi ana ɓoye mini, ga mota a ƙofar gidana. Ko da ta yarda ta hau, ko da ba ta yarda ba, oho, ba a ma ba ni damar roƙonta da wuri ba. Ɗana na fari kuwa, da sunansa nake kiran sa tun daga wannan lokaci, da ƙarfi, a gaban kowa. An yi ta gulma a Kiru wai ba ni da kunya, na ce a yi ta yi.

Ranar da Yaya ta rasu, ni na yi mata wanka, ni da wata tsohuwa. Da aka ce 'yar fari ba ta shiga, sai na ɗauki ƙwarya na wuce. Na zare mundayen na ajiye a bakin ƙofa. Na yaye mayafin da hannuna, na dubi fuskarta sosai, yadda ban taɓa samun dama ba, ashe goshinmu iri ɗaya ne. Na sunkuya daidai kunnenta na ce, "Inna, ni ce. Na yafe." Tsohuwar ta taɓa kafaɗata ta ce in yi sauri, maza suna jira a waje.